Sassaƙa Ko Awo: Hanyar Da Sabon Furodusa Zai Bi Ya Mayar Da Luf Cikakken Kiɗa

Kwanakin baya wani ƙanina ya turo min laftof ɗinsa a kan tabarma, ya ce, "Yaya, don Allah saurari wannan ka gaya min abin da ya rage." Na sa hedifon. Kik, wato babbar gangar da take riƙe bugu, yana dukan ƙirji yadda ake so, bes, sautin nan mai kauri, ya zauna daram a ƙarƙashinsa, ga wani ɗan karin fiyano mai shiga rai yana yawo a sama. Daƙiƙa 15, sai kiɗan ya koma farko. Na ba shi zagaye huɗu ko zai canza, bai canza ba. Da na buɗe foldar sai na tarar da ayyuka sun fi talatin, kowanne haka yake: luf mai daɗi, wato ɗan guntun kiɗa mai maimaita kansa, babu kai babu ƙafa. Yaron yana da kunne, yana da baiwa. Abin da ya gagare shi shi ne ya ɗauki daƙiƙa 15 ya shimfiɗa su har su kai minti biyar ko shida ba tare da mai sauraro ya gundura ba.

A nan yawancin masu fara haɗa kiɗan rawa na lantarki, wanda ake kira EDM a taƙaice, suke maƙalewa. Hanyoyin fita da na ga suna aiki guda biyu ne. Ta farko ina kiranta sassaƙa: ka kwafi luf ɗinka ka jera shi tun daga farkon kiɗan har ƙarshe, sannan ka riƙa cirewa, kamar yadda masassaƙi yake fitar da turmi daga gungume. Ta biyu ina kiranta awo: ka ɗauko kiɗan wani gwani da ya riga ya fita, ka auna tsayin kowane sashe nasa, ka ɗinka naka a kan wannan awon, kamar wanda ya kai wa tela tsohuwar rigarsa ya ce a yi gwaji da ita. Duka biyun na yi aiki da su, kuma ba su dace da mutum ɗaya a lokaci ɗaya ba.

Amma kafin a kai ga zaɓi sai an fahimci ƙirga, domin duk hanyoyin biyu a kanta suke tsaye. Gaɓa ɗaya bugu huɗu ce. Idan kiɗa yana tafiya a kan bugu 128 a minti, gaɓa takwas daƙiƙa 15 ce cif, gaɓa 16 rabin minti, gaɓa 32 minti guda. Kusan duk wani babban canji a irin wannan kiɗa yana faɗowa ne a kan gaɓa 8, ko 16, ko 32. Ba don wani malami ya kafa doka ba. DJ ne ya jawo hakan. Tun zamanin disko a New York a shekarun 1970, lokacin da irin su Tom Moulton suka fara tsawaita waƙoƙi don filin rawa aka koma buga su a faifai mai inci 12, kiɗan ya zama abin da ake haɗa bakinsa da bakin wani. Da Frankie Knuckles ya fara sa faifai a gidan rawa na Warehouse a Chicago a 1977, inda sunan kiɗan hawus ya samo asali, da kuma lokacin da Juan Atkins da Derrick May da Kevin Saunderson suka fito da tekno a Detroit a shekarun 1980, buƙatar ɗaya ce: faifai biyu su yi tafiya tare na ɗan lokaci, ɗaya yana fita ɗaya yana shiga, ƙafar mai rawa kuma ba ta tsaya ba. Idan sassan faifan biyu ba su yi tsayi ɗaya ba, sai canjin wannan ya faɗo a tsakiyar zancen wancan.

Mu da muka tashi da waƙar amshi da baiti sai mun ɗan gyara kunne a nan. A waƙoƙinmu magana ce take jan mutum: baiti ya kawo sabon zance, amshi ya dawo da kai gida, kiɗan kuwa yana iya tafiya yadda yake har ƙarshe ba wanda zai damu. A EDM sau da yawa babu mai magana. Abin da yake riƙe mutum shi ne hawa da saukar ƙarfin kiɗan. Akwai shimfiɗa, inda ganguna suke buɗe hanya. Akwai lafawa, wadda masu sana'ar ke ce wa birek, inda ake janye kik da bes a bar kari yana numfashi. Akwai hawa, inda komai yake ɗaurewa yana tashi. Akwai dirof, inda kik da bes suke dirowa gaba ɗaya. Sai sallama, inda ake kwashe kaya ɗaya bayan ɗaya a bar wa DJ ganguna tsura.

Mu fara da sassaƙa, tunda ita ce ta fi saurin shiga hannu.

A FL Studio, manhajar da na fi tararwa a situdiyoyinmu, abin da za ka fara yi shi ne raba fatan ɗinka, wato akwatin da ka tara sautukan luf ɗin a ciki, ta yadda kik yana layinsa, tafi yana layinsa, hayhat (siririn sautin ƙarfe mai cas-cas), bes, fiyano, kowa da nasa. Akwai umarnin Split by channel da yake yin wannan da dannawa ɗaya. Sai ka jera su duka a Playlist, filin da ake shimfiɗa kiɗa daga farko zuwa ƙarshe, ka kwafa har gaɓa 192, wato minti shida a gudun 128. Za ka ga bango guda, cike daga sama har ƙasa. Daga nan sai sara. A gaɓa 16 na farko ka cire komai ka bar kik da hayhat. A gaɓa 16 na biyu ka dawo da tafi da ƙananan ganguna. Ka je tsakiya ka kwashe kik da bes. Ka je ƙarshe ka yi irin abin da ka yi a farko, amma a juye. Shawarata kada ka goge, ka yi amfani da abin toshe sauti, wanda harafin T yake ɗauko maka, don idan ka canza ra'ayi kayanka suna nan. A Ableton Live lambar sifili ce take kashe guntun da ka zaɓa ba tare da ta share shi ba.

Cikin rabin awa za ka ga ƙwarangwal ɗin kiɗa tsaye a gabanka, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda yake aiki yana duban sandar batir saboda an ɗauke wuta. Ban da sauri, sassaƙa tana da wata fa'ida da ba a cika ambata ba: duk abin da ke cikin kiɗan ɗan gida ɗaya ne. Sautin da aka ji a shimfiɗa shi ne za a ji a dirof, don haka ba a samun wani baƙon sashe da ya faɗo daga sama. Kiɗan yana da jini ɗaya.

Wannan jini ɗayan kuma shi ne cutarta. Luf ɗin da ka gina kusan kullum dirof ne, wato wurin da kiɗan ya fi cika. Idan da shi kaɗai ka sassaƙa komai, lafawarka ba za ta zama komai ba face dirof da aka cire wa ganguna, dirof na biyu kuma tagwayen na farko ne. Mai sauraro ba zai iya gaya maka abin da ya dame shi ba, sai dai ka ga a minti na uku ya ɗauki wayarsa. Akwai kuma matsalar zuciya. Karin fiyanon nan da ka kwana kana gyarawa, hannunka ba zai yarda ya cire shi daga minti na farko ba. Sai ka bar shi ya fito tun gaɓa ta tara, ka tona asirin kiɗan kafin kowa ya matsu ya ji shi. Lokacin da dirof zai zo babu sauran abin jira. Na sha sauraron ayyukan masu koyo waɗanda sautinsu ya fi nawa tsabta, amma wannan rashin haƙurin ya kashe su.

Ana iya magance wannan, amma sai da aikin hannu bayan an gama sara. Kowace gaɓa takwas wani abu ya motsa, ko da ƙanƙani ne: filta, wato abin da yake tace kauri ko kaifin sauti, ta ɗan buɗe, hayhat ta biyu ta shigo, bes ya canza nota ɗaya a ƙarshen layi. A FL Studio sai ka yi amfani da Make unique ka ware guntu ɗaya ka canza shi shi kaɗai, in ba haka ba gyaran zai bi duk sauran kwafin. Mai koyo da yawa ba ya kaiwa wannan matakin, domin da ya ga bangon ya yi siffar kiɗa sai ya ɗauka an gama.

Awo kuma ba ta da wannan saurin ko kaɗan, musamman a karon farko.

Ka zaɓi kiɗa ɗaya da kake ƙauna, na irin salon da kake yi, mai gudu kusa da naka. Ka samo doguwar sigarsa wadda aka yi don DJ. Ka jawo shi cikin manhajar, ka daidaita gudun aikinka da nasa, ka matsa shi har kik ɗinsa na farko ya hau kan gaɓa ta ɗaya daidai. Ka leƙa can wajen ƙarshe ka tabbatar har yanzu kik yana kan layi. Idan ya zame, gudun da ka sa ba daidai ba ne. Sannan ka rage masa murya sosai. Wannan kiɗan ya riga ya wuce hannun masu gyaran ƙarshe, idan ka bar shi da ƙarfinsa kusa da naka ɗanye, gwiwarka ce za ta yi sanyi a banza.

Yanzu sai sauraro da alƙalami a hannu. Duk inda wani abu ya shigo ko ya fita, ka tsaya ka dasa alama. A Playlist na FL Studio Alt da T ne suke dasa ta, a Ableton kuma ana ce musu locator. Ka rubuta a kan kowace alama abin da ya faru: "bes ya shigo", "an cire kik", "murya ta fara", "shiru bugu ɗaya". Zagayen farko manyan sassa kawai za ka kama. A zagaye na biyu da na uku ne za ka fara jin abubuwan da shekara da shekaru kana sauraron kiɗan ba ka taɓa lura da su ba. Wani sautin iska da yake fara tashi gaɓa takwas kafin canji. Sautin faifan ƙarfe na ganguna da aka juya baya yana jan kunne zuwa gaɓa ta gaba. Tafi da aka ɗauke sau ɗaya tak a ƙarshen gaɓa 16. Ranar da na fara yin wannan aikin na ci yamma guda cur a kan kiɗa ɗaya, na tashi da takarda cike gaba da baya, kuma abin da na koya a wannan zaman ya fi abin da na tara a watanni ina kallon bidiyon koyarwa.

Awon da za ka fito da shi zai iya kama da wannan, a gudun 128, ko da yake kowane kiɗa da nasa: shimfiɗa daga gaɓa ta 1 zuwa ta 32, bes yana leƙowa a ta 17, lafawa daga 33 zuwa 48, hawa daga 49 zuwa 64, dirof na farko ya sauka a gaɓa ta 65, minti biyu cif da farawa, ya tafi har 96, lafawa ta biyu da hawanta daga 97 zuwa 128, dirof na biyu daga 129 zuwa 160, sallama daga 161 zuwa 192. Da ka gama sai ka toshe kiɗan gwanin gaba ɗaya. Alamominsa kawai za ka bari, ka fara zuba naka kayan a tsakaninsu.

Wasu suna jin nauyin wannan, suna ganin kamar sata ce. Babu wanda ya mallaki gaɓa 32. Wanda ya ɗauki karin wani, ko ya yanko sautinsa ya liƙa a nasa ba izini, wannan ya ci haƙƙi. Wanda ya auna tsayin hannun riga ya je ya ɗinka tasa da yadinsa da zarensa bai ɗauki komai na kowa ba.

Babbar ribar awo ita ce tana nuna maka ramukan da ke cikin aikinka. Alama ta ce akwai lafawa mai gaɓa 16 a nan, ka duba luf ɗinka ka ga ba ka da abin da zai riƙe rabin minti babu ganguna. Dole ka koma ka ƙirƙiri sabon abu: doguwar shimfiɗar sauti mai laushi, ko karin ka a wata murya daban, ko guntun muryar mutum. Alama ta ce dirof na biyu ya fi na farko nauyi, dole ka nemi abin da za ka ɓoye tun farko don ka fito da shi a can. Sassaƙa ba ta taɓa tilasta maka yin wannan tunanin. Sannan awo tana da ƙarshe a bayyane. Kana ganin alama ta ƙarshe a gefen dama, ka san inda za ka tsaya, kuma ga mai tarin ayyuka talatin da ba a gama ba, wannan kaɗai ya isa dalili.

Illarta kuwa ita ce rigar wani ba kullum take zama a jikinka ba. Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya auna kiɗa mai mawaƙi alhali nasa babu murya. A kiɗan gwanin, lafawa mai gaɓa 32 tana tafiya lafiya domin akwai baiti a kanta. A naka sai ta zama fili fetal, minti guda na jira. Haka nan idan ka auna tirans ka zuba tekno a ciki, ko ka auna kiɗan babban dandali mai hawa kamar jirgi zai tashi, ka zuba afro hawus mai tafiyar hawainiya. Awon sai ya zama na ɗan'uwan kiɗanka na jini. Kuma idan kunnenka ya ce wannan sashen ya yi tsawo, ka yarda da shi ka yanke gaɓa takwas ko 16, kada dai ka yanke biyar ko bakwai. Akwai kuma haɗarin sabo: wanda ya shekara yana auna kiɗa ɗaya, duk ayyukansa za su fito da tafiya iri ɗaya.

Zancen yanke gaɓa ba bisa ƙirga ba, ni ma ya taɓa cina. Na taɓa ba wani DJ kiɗana a filas ya sa a wani taro. Na yi shi ne da sassaƙa, ban ƙirga komai ba, shimfiɗar gaɓa 12 ce kuma fiyano yana ciki tun bugun farko. Ina tsaye a bayansa ina kallon hannunsa. Ya ɗora nawa a kan wanda yake fita, fiyanona ya ci karo da karin wancan, bes ɗina kuma ya faɗo gaɓa huɗu kafin na wancan ya bar fili. Sifikun suka yi wani irin gurnani, mutane biyu-uku a gaba suka juyo, ya ja nawa ƙasa ya wuce zuwa wani. Bayan an tashi ya dafa kafaɗata ya ce, "Malam, kiɗanka yana da daɗi, amma ba shi da ƙofa. Ta ina zan shiga?" Tun daga ranar, duk kiɗan da nake so a sa a fili, gaɓa 16 na farko da 16 na ƙarshe ganguna ne zalla, babu wani abu mai nota a cikinsu.

Wannan ya kawo tambayar da take yanke rabin hukuncin: wa kake yi wa kiɗan? Idan DJ ne, ƙofar shiga da ta fita wajibi ne. Idan mai waya ne, lissafin ya juye. Spotify ba ya ƙirga an saurari kiɗa sai an kai daƙiƙa 30, kuma mai latsa waya ba zai zauna minti guda yana jin kik da hayhat ba. Gajeriyar siga tana tsayawa wajen minti uku, gaɓa 96 ke nan a gudun 128, shimfiɗarta gaɓa huɗu ko takwas, kari kuma yana fitowa da wuri. Ga wannan siga sassaƙa ba ta da amfani sosai, domin babu filin da za a riƙa ƙara kaya sannu a hankali; kowane sashe sai ya bambanta da maƙwabcinsa nan take. Awo ce ta dace da ita. Ni dai doguwar nake fara ginawa sannan in yanko gajeriyar daga jikinta, don rage tsawon riga ya fi ƙara mata sauƙi.

Sauran rabin hukuncin salon kiɗan ne. Tekno, mai gudun 130 ko sama da haka, rayuwarsa maimaici ne da ƙananan canje-canje. Luf ɗaya mai kyau da filta mai motsi suna iya ɗaukar minti shida, don haka sassaƙa gidansa ce. Afro hawus ma haka. Amapiano, wanda ya taso daga unguwannin lardin Gauteng a Afirka ta Kudu kuma yanzu ba a raba shi da sifikun bukukuwanmu, yana tafiya ne wajen bugu 112, inda gaɓa 32 take cin minti ɗaya da daƙiƙa takwas da ɗoriya. Yana son doguwar shimfiɗa ta kacau-kacau da ƙananan ganguna kafin gangar bes ɗin nan tasa ta shigo, wadda da yawa suke ɗaukowa daga Fruity DX10 na cikin FL Studio. Shi ma yana karɓar sassaƙa, in dai za ka iya danne zuciya ka riƙe gangar har lokacinta. Tirans kuwa, mai gudun 138, da duk kiɗan da ƙarfinsa yake cikin kari da doguwar lafawa, awo suke so, domin sassansu ba daga luf ɗaya suke fitowa ba. A diram-an-bes, mai gudun 174, ka tuna gaɓa 32 daƙiƙa 44 ce kawai. Lambobin da suka ba ka minti shida a hawus, a nan ba za su kai huɗu da rabi ba.

Akwai hanya ta uku da zan ambata a gurguje. Ableton Live, wadda ta fito a Berlin a 2001, tana da Session View inda kake kunna guntaye kana kashewa da hannu, manhajar tana naɗar abin da ka yi zuwa Arrangement View. FL Studio ma tana da Performance Mode mai kama da haka. Sassaƙa ce dai, amma a raye, kuma tana ba kiɗa wani numfashi na ɗan'adam. Sai dai tana buƙatar mutum ya riga ya iya jin gaɓa 16 a jikinsa ba tare da ya ƙirga ba, mai koyo kuwa bai kai nan ba tukuna.

Kada wani ya sa ka canza manhaja saboda wannan batu. Duka biyun suna yin sassaƙa, suna yin awo. Abin lura kaɗan ne: a cikin ƙananan sigogin Ableton, Live Lite layi takwas take ba ka, Intro kuma 16, kiɗan da za ka auna zai cinye ɗaya daga ciki. FL Studio tun siga ta 20 da ta fito a 2018 tana barin ka ajiye jeri fiye da ɗaya a cikin aiki guda, don haka kana iya sassaƙa luf ɗinka a jeri ɗaya, ka yi masa awo a wani, ka saurari biyun a jere. Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma wannan gwajin ba ya cin ko sisi.

Inda hanyoyin biyu suke barin ka kai kaɗai shi ne wurin ɗinki, wato inda sashe yake haɗuwa da sashe. Sassaƙa tana bar maka gefuna masu kaifi, kamar an kashe fitila an kunna. Awo tana nuna maka cewa gwani ya yi wani abu a wurin, amma hannunka ne zai yi naka. Abin da ya fi muhimmanci a sani shi ne dirof ba ya samun nauyi daga ƙarin sauti. Yana samunsa ne daga abin da aka hana kunne kafin ya zo. A cikin hawa ka riƙa janye ƙasan sautin da filta sannu a hankali har kiɗan ya zama siriri. Siniya, wato ƙaramar ganga mai kaifin sauti, ta fara da bugu ɗaya-ɗaya, bayan gaɓa huɗu ta ninka, bayan biyu ta sake ninkawa. A bugun ƙarshe kafin dirof ka ɗauke komai, ko ka bar guntun murya ɗaya tilo. Wannan ɗan shirun, wanda bai kai rabin daƙiƙa ba a gudun 128, ya fi duk wani ƙarin ƙara aiki. Masu koyo sukan yi akasin haka: su cika hawa da kaya har ya fi dirof ƙarfi, sai dirof ya zo kamar an sauke tukunya daga wuta.

Idan ka tambaye ni wacce za ka ɗauka, ga abin da nake gaya wa duk wanda bai taɓa gama kiɗa ba: ka yi awo a ayyukanka biyar na farko, kowanne da kiɗan gwani daban amma duk a salo ɗaya. Zuwa na biyar za ka ga kana sanin inda canji zai faɗo kafin ya faɗo, ko a mota kake jin kiɗa. A lokacin ne sassaƙa take zama makami a hannunka, domin ka san abin da kake nema a cikin gungumen. Wanda kuma tekno ko amapiano ne a ransa tun farko, yana iya sassaƙawa daga yau, da sharaɗi biyu: ya aro tsayin shimfiɗa da na sallama daga kiɗan gwani, kuma kafin ya fara sara ya ware sauti ɗaya ya ɓoye, kada a ji shi sai a dirof na biyu.

Ƙanin nawa awo na sa shi ya yi. Ya zaɓi luf ɗaya daga cikin talatin ɗin, ya auna wani kiɗan hawus da yake so, bayan kwana tara ya turo min fayil mai gaɓa 176, minti biyar da rabi. Lafawarsa ta farko ta yi tsawo, kuma ya manta bai janye bes a cikin hawa ba, don haka dirof ɗin bai dira da nauyin da ya kamata ba. Na kira shi na ce ya yanke gaɓa takwas daga lafawar, ya sa filta a kan bes daga gaɓa ta 49. Ya ce, "Yaya, ai in na yanke takwas ta koma ta 41." Na duba takardata, na ga shi ne da gaskiya.